Tankin Ruwa da Ƙwayar Gurjiya: Auna Nisan Sama a Titunan Masana'antun Kano

Tsakanin Duniya da Rana akwai tafiyar kilomita miliyan 150. Tsakanin Rana da Naftun, wadda ita ce ta ƙarshe a cikin manyan duniyoyi takwas da ke kewaya ta, akwai kilomita biliyan 4.5. Tauraron da ya fi kowanne kusa da Rana kuwa yana can a nisan kilomita tiriliyan 40. Masana sun auna waɗannan alƙaluma sun sake aunawa, babu gardama a kansu. Matsalar tana wajen kunne, domin miliyan da biliyan da tiriliyan duk abu ɗaya suke faɗa masa, wato "da yawa". Alhali na biyun ya ninka na farko sau 30, na ukun kuma ya ninka na biyu kusan sau 9,000.

Hankalin mutum ya saba da nisan da ƙafa ta taka ko mota ta ci. Direban tirelar da ke ɗaukar fata daga Challawa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas ya san mene ne kilomita dubu, don ya ji shi a gadon bayansa, ya kuma gan shi a kuɗin man gas. Da za a shimfiɗa masa kwalta har Rana, ya riƙa gudun kilomita 80 a awa, ba barci ba tsayawa sallah ko cin abinci, sai ya shekara 213 yana tuƙi. Wannan lissafi ya ɗan taɓa zuciya, amma da an wuce Rana shi ma sai ya daina aiki, don shekara dubu shida zuwa Naftun ba abin da wani ya taɓa ɗanɗanawa ba ne.

Dabarar da ta fi aiki ita ce ta samfuri bisa ma'auni, kuma ba baƙuwa ba ce a unguwannin masana'antu na Kano. Babu kamfanin da aka gina a Bompai, wadda ita ce mafi daɗewa a cikinsu, ko a Sharaɗa da Challawa da suka biyo baya, ba tare da an fara zana shi a takarda ba. Mai zanen gini yakan rubuta 1:100 a gefen takardarsa, ma'ana santimita ɗaya a zane mita ɗaya ce a ƙasa. Birkila ya karanta, mai walda ya karanta, kowa ya fitar da awonsa. Ƙa'idar guda ɗaya ce tak: abin da aka rage wa bango shi za a rage wa ƙofa, shi za a rage wa tazarar da ke tsakanin ginshiƙai. In aka rage bango sau 100 aka rage ƙofa sau 10, zanen ya zama ƙarya, kuma duk wanda ya yi gini da shi zai yi asara.

Wannan ƙa'idar ce hoton da ke cikin littattafan makaranta yake karyawa. Ana zana Rana a gefen shafi, a jera mata duniyoyi takwas kamar tumatir a kan tebur, kowace da launinta, tsakaninsu bai wuce faɗin yatsa ba. Masu zanen ba su da zaɓi. Da za su matse nisan Naftun ya shiga shafi mai tsawon santimita 30 bisa gaskiya, Rana za ta koma ɗigon da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kaurin silin gashi, sauran duniyoyin kuwa ido ba zai gan su ba sam. Da kuma za su zana Duniya a matsayin ɗigon biro mai milimita ɗaya, to sai an samo takarda mai tsawon mita 350 kafin Naftun ta samu wuri. Saboda haka yaro yana tashi da hoton sama cunkushe kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah, alhali babban abin da ya kamata ya sani game da ita shi ne kusan babu komai a cikinta. Wannan ilimi ba ya shiga shafi. Fili yake buƙata, da doguwar hanya, da ƙafa.

Ma'aunin da ya fi sauƙin lissafi shi ne a rage komai sau biliyan ɗaya. A haka kilomita miliyan ɗaya ta koma mita ɗaya, kilomita dubu ta koma milimita ɗaya, kuma duk wanda ya san nisan wata duniya a miliyoyin kilomita ya riga ya san mita nawa zai taka.

Faɗin Rana kilomita miliyan 1.39 ne, don haka a samfurin ƙwallo ce mai faɗin mita 1.39. Babban tankin ruwa na roba, irin wanda ake ɗorawa a saman gidajen Kano, zai iya tsaya mata. A ce an ajiye shi a bakin wani miƙaƙƙen titi a Bompai, an shafa masa fenti ruwan ɗorawa, aka fuskanci kudu maso yamma, wajen Sharaɗa da Challawa.

Mai tafiya zai yi mita 58 bai ga komai ba. A nan ne Uɗaridu take, ƙwayar masoro ɗaya mai faɗin milimita 5. A mita 108 sai Zuhura, wadda Hausawa ke kira Zara matar wata in ta fito da yamma, Gamzaki in ta fito da asuba. Duk haskenta, ƙwayar gurjiya ce. A mita 150, wato tsawon filin ƙwallo ɗaya da kusan rabi, sai wata gurjiyar da ta ɗara ta kaɗan, mai faɗin santimita 1.3. Ita ce Duniya. Duk tekuna da hamada, duk ƙasashe da mutanensu sama da biliyan 8, suna kan wannan ƙwaya. Daga Kano zuwa Legas a jikinta bai kai milimita ɗaya ba. Iskar da ake shaƙa ta fi ɓawon gurjiyar siranta nesa ba kusa ba.

Ya kamata a daɗe a wannan zango, don a nan ne samfurin ya fi koyarwa. Wata ƙwayar dawa ce mai faɗin milimita 3.5, tana nesa da gurjiyar da santimita 38, bai cika kamu ɗaya ba. Wannan ɗan kamu shi ne iyakar inda ƙafar ɗan Adam ta taɓa takawa, tun saukar farko ta Amurkawa a 1969. Tauraron ɗan'adam na farko da Najeriya ta mallaka, NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Rasha a watan Satumba na 2003, ya yi aikinsa ne a nisan da bai kai kilomita 700 ba, wato bai kai milimita ɗaya daga fatar gurjiyar ba. Taurarin sadarwa irin su NigComSat-1R, da aka harba daga Sin a Disamban 2011, suna tsayawa a kilomita 36,000 ba kaɗan, wato santimita uku da rabi. Duk abin da ake kira zuwa sararin samaniya a labaran yau da kullum yana faruwa ne a cikin tafin hannu ɗaya, tankin kuwa yana can ƙarshen layi.

A wannan wuri kuma ake gwada ko samfurin gaskiya ne. In mutum ya tsaya daidai kan gurjiyar ya waiwaya, tankin zai bayyana masa da girman da Rana ta gaske take bayyana a sama, ba ƙari ba ragi. In ya rufe ido ɗaya, ya riƙe ƙwayar dawar a nisan santimita 38 daga ɗayan idon, za ta rufe tankin ruf. Wannan shi ne kusufin rana. Rana ta ninka Wata faɗi kusan sau 400, ta kuma ninka shi nisa kusan sau 400, shi ya sa suke zuwa daidai wa daida a ido. Mutanen Gusau da Katsina da Maraɗi da suka ga duhu ya sauko da hantsi ranar 29 ga Maris, 2006, abin da suka gani ke nan: inuwar ƙwayar dawa ta ratsa jikin gurjiya. Ƙanƙantar ƙwayoyin biyu da tazarar da ke tsakaninsu sun kuma bayyana dalilin da ya sa ba a yin kusufi kowane wata, domin hanyar Wata ta ɗan karkace, kuma karkacewa kaɗan ta isa ta sa inuwar ta wuce ta sama ko ta ƙasa. Gwajin da tanki ake yin sa. Kallon Rana ta gaske da ido tsirara yana lalata gani.

Daga nan sai Mirrihu, jar duniyar da ake kira Mas, ƙwayar waken suya a mita 228. Duniyoyi huɗu na dutse sun ƙare ke nan, tun mai tafiya bai bar layin da ya fara ba, kuma da za a haɗa su a tafin hannu ba su cika cokalin shayi ba.

Sai kuma tafiya ta canza. Daga Mirrihu babu wani abin kirki har sai an ƙara fiye da rabin kilomita. Akwai dai tarin duwatsu da ke kewaya Rana a wannan tazara, amma mafi girmansu bai kai milimita ɗaya ba a samfurin, sauran ƙura ce da ta bazu. A mita 778 ne Mushtari take, babbar yaya, mai faɗin santimita 14, kamar ɗan giginya. Ita kaɗai ta fi sauran duniyoyin bakwai nauyi in an haɗa su, har ta ninka su. A kilomita 1.4 sai Zuhalu, kwakwa ce mai faɗin santimita 12, zoben da ke kewaye da ita kuwa ya kai faɗin faifai. Waɗannan sunaye biyar, Uɗaridu da Zuhura da Mirrihu da Mushtari da Zuhalu, daga Larabci suka shigo ta hannun malaman hisabi da falaki, ilimin da ƙasar Hausa ta daɗe da shi. Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da shi ya yi suna. Su biyar ɗin ne aka sani tun zamanin da saboda ido yana ganin su ba tare da na'ura ba.

Biyun ƙarshe ba su cikin lissafin malaman da, don sai da madubin hangen nesa aka gano su. Yuranus, wadda William Herschel ya gano a Ingila a 1781, lemon tsami ce a kilomita 2.9. Naftun, da aka gano a 1846 bayan lissafi ya nuna inda za a neme ta, wani lemon tsamin ne a kilomita 4.5. Daga wajenta tankin Bompai, ko da gine-gine ba su tare ba, ɗigo ne kawai da ido ba zai iya tantance siffarsa ba. Fuluto, wadda taron masana falaki na duniya ya cire daga jerin manyan duniyoyi a 2006, ƙwayar gero ce a wajen kilomita 6. Duniyoyi takwas sun ƙare ke nan tun ba a isa Sharaɗa ba, kuma duk kayan da aka yi amfani da su, ban da tankin, za su shiga leda ɗaya.

Rana ita kaɗai ta kwashe fiye da kashi 99.8 cikin ɗari na nauyin duk abin da ke wannan gida. Cikinta zai ɗauki Duniya miliyan 1.3. Abin da ya fi ba masu nazari mamaki shi ne wannan tanki, daga inda yake, shi ke riƙe da lemon tsamin da ke nesa da shi da kilomita huɗu da rabi, yana juya shi a kewayensa ba igiya ba sanda.

Samfurin yana da aibi guda da ya wajaba a faɗa wa duk mai kallo. Yana jera duniyoyin a layi ɗaya saboda titi layi ne, alhali a zahiri ba sa jeruwa haka. Kowace tana kan da'irarta. Gurjiyar Duniya tana zagaya tankin a da'irar da tsawonta ya kai mita 940, tana cin mita biyu da rabi a yini, ta gama a shekara. Lemon Naftun yana buƙatar shekara 165, shi ya sa tun da aka gano shi sai a 2011 ya cika zagaye ɗaya. Mirrihu takan matso kusa da Duniya har mita 56 a samfurin, kamar yadda ta yi a 2003, takan kuma koma bayan tankin ta yi nisan mita 400. Dalilin ke nan da masu aika kumbo can suke jiran lokacin da ya dace, wanda ke zuwa sau ɗaya a kowane wata 26. Hoton gaskiya shi ne fili mai faɗin kilomita 9, wanda ya haɗiye babban ɓangare na birnin Kano, a share shi ƙal, babu gida babu bishiya, sai tanki ɗaya a tsakiya da 'yan ƙwayoyi takwas da suka watse a cikinsa.

Gudu ma yana raguwa da ma'auni ɗaya. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma babu abin da ya fi shi sauri a duk halitta. A kan titin Bompai wannan ya koma santimita 30 a daƙiƙa, wato tafin ƙafa ɗaya a kowane bugun agogo. Mai son ya ji yadda haske ke tafiya sai ya tashi daga tankin yana ɗora diddige a gaban yatsu, taku ɗaya a daƙiƙa. Zai isa gurjiyar Duniya bayan minti 8 da daƙiƙa 20, ya isa Mushtari bayan minti 43, ya isa Naftun bayan awa huɗu da minti goma. Ma'aikacin da ke sauri don kada ya makara a bakin get yana ninka gudun haske sau huɗu ko biyar a wannan ma'auni. Wannan ne ya sa injiniyoyin da ke sarrafa na'urori a kan Mirrihu ba sa iya tuƙa su kamar mota: saƙo yakan ɗauki daga minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, amsa ta ɗauki kamar haka kafin ta dawo.

Kumbon Voyager 1, da Amurka ta harba ranar 5 ga Satumba, 1977, shi ne abin da hannun mutum ya ƙera da ya fi kowanne nisa. Yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, gudun da zai kai mutum daga Kano zuwa Legas a cikin minti ɗaya. A samfurin, mita ɗaya da rabi yake ci a yini guda. A watan Fabrairun 1990, yana nisan kilomita biliyan 6, ya waiwayo ya ɗauki hoton Duniya, ta fito ɗan ɗigo shuɗi-shuɗi. Kamar a tsaya a hanyar Sharaɗa ne a ɗauki hoton gurjiyar da ke Bompai. A watan Agustan 2012 ya ƙetare iyakar da iskar Rana ke kaiwa, a nisan kilomita biliyan 18, wanda ya faɗa wajajen Challawa a wannan taswira. Yanzu ya kai wajen kilomita biliyan 25, ya bar Challawa da koginta a baya, bayan tafiyar kusan rabin ƙarni.

Akwai wani abu a tarihin wannan ilimi da masu zanen gini za su gane nan take: masana sun samu zanen kafin su samu ma'auninsa. A littafinsa na 1543, masanin falaki Copernicus ya fitar da cewa nisan Mushtari daga Rana ya ninka na Duniya sau biyar da ɗoriya, na Zuhalu kuma sau tara da ɗoriya, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Kepler ya ƙara daidaita lissafin a 1619. Sai dai babu wanda ya san ainihin nisan Duniya da Rana a lokacin. Adadin da aka gada daga Baɗlamusa, masanin falaki na zamanin da, wanda masanan Bagadaza irin su al-Fargani suka yi aiki da shi, kusan kashi ɗaya ne cikin ashirin na gaskiya. Zane ne cikakke wanda aka manta a rubuta masa 1:100 a gefe, kuma a irin wannan hali bango ɗaya kawai ake buƙatar aunawa, sauran duk su fito. A 1672 Cassini yana Faris, abokin aikinsa Richer yana Kayen a Kudancin Amurka, suka dubi Mirrihu a lokaci guda daga wurare biyu, suka auna ɗan bambancin da ke tsakanin ganinsu, kamar yadda safiyo ke auna faɗin kogi bai ƙetare ba. Suka samu kusan kilomita miliyan 140. Daga 1961 aka fara aika siginar rada zuwa Zuhura ana ƙirga lokacin dawowarta, adadin ya zauna daram.

Amfani da 'ya'yan itace da hatsi wajen bayyana wannan zane shi ma tsohon abu ne. John Herschel, ɗan wanda ya gano Yuranus, ya kawo irinsa a littafinsa na falaki na 1833, da ƙwallo mai faɗin ƙafa biyu a madadin Rana da ƙwayar wake a madadin Duniya. A zamanin nan birane da dama sun mai da shi gini na dindindin. A Washington, tun 2001, akwai samfurin da aka rage sau biliyan 10, Ranarsa santimita 14 ce, ana gama shi a tafiyar mita 600. A Melbourne ta Ostireliya akwai mai ma'aunin biliyan ɗaya a bakin teku, daidai da wanda aka kwatanta a nan. Mafi girma yana Suwidin, inda aka rage komai sau miliyan 20 kawai: Rana wani katafaren zauren wasanni ne mai siffar ƙwallo a Stockholm, Duniya santimita 65 ce a nisan kilomita 7.6, Fuluto kuma tana wani gari mai nisan kilomita 300.

Ba kuɗi ne ya ba waɗannan birane damar yin haka ba, don aikin bai fi ƙarfin makarantar sakandare ɗaya ba. Abin da ake buƙata shi ne doguwar hanya da awo na gaskiya, kuma unguwannin masana'antu sun fi ko'ina dacewa a Kano, tunda an yanka su da layuka miƙaƙƙu masu faɗi saboda manyan motoci, saɓanin lungunan cikin gari. Masu yin roba suna nan, masu walda suna nan, ƙwayoyin boris na ƙarfe masu girma daban-daban suna nan a shagon kowane makanike, kuma ba sa ruɓewa kamar gurjiya. Malamin da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan zai iya ɗaukar ma'aunin Washington: lemo babba a bakin ƙofar makaranta, Duniya ƙwayar yashi mai milimita 1.3 a mita 15, Naftun ƙwayar masoro a mita 450. Abin da ba a yarda da shi ba guda ɗaya ne, a ƙara wa ƙwayoyin girma don yara su gan su da kyau. Wahalar ganin nasu ita ce darasin.

Taurari kuwa wani babi ne daban, kuma a nan ne titunan Kano suke gazawa. Tauraro rana ne kamar tamu, nisa ne ya mai da shi ɗigo. Mafi kusa shi ne Proxima Centauri, wanda Robert Innes ya gano a Johannesburg a 1915, ɗan ƙarami ja da ido ba ya gani. Maƙwabcinsa Alpha Centauri yana da haske sosai, ana ganin sa daga Kano can ƙasa-ƙasa ta kudu a farkon dare wajen farkon damina. A ma'aunin tankin Bompai, inda Naftun take kilomita 4.5, Proxima ƙwallo ne mai girman na tamaula a nisan kilomita 40,000. Wannan shi ne tsawon kewayen Duniya baki ɗaya. Mai ɗauke da ƙwallon zai tashi daga Bompai, ya wuce Sharaɗa, ya wuce Challawa, ya ƙetare teku, ya zagaya Duniya ta ɗaya gefen, ya dawo Bompai ta arewa maso gabas, sannan ya ajiye shi kusa da tankin. Haka masu samfurin Melbourne suka yi: sun kafa tauraron kusa da Ranarsu, suka bayyana cewa sai an zagayo Duniya ake isa gare shi. Voyager 1, mai cin mita ɗaya da rabi a yini, zai buƙaci kimanin shekara 75,000 kafin ya yi irin wannan nisa.

In aka koma ma'aunin lemo, wato biliyan 10, Proxima yana kilomita 4,000 daga Kano. Maniyyacin da ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zai isa Makka bayan kilomita 3,500, da sauran 500 a gabansa. Lemo ɗaya a Kano, ɗan ƙwallo kamar goro a can bayan Makka, tsakaninsu babu wata rana: haka taurari suke zaune a wannan yanki na sama.

Saboda haka ne masana suka bar kilomita suka koma shekarar haske, wato nisan da haske ke ci a shekara ɗaya, kilomita tiriliyan 9.46. Proxima yana shekarar haske 4.2. Shi'ira, tauraron da ya fi kowanne haske da dare, yana 8.6. Surayya, wadda manoma ke kira Kaza da 'ya'yanta suna lissafin damina da ita, tana nisan shekarar haske 440 da 'yan kai, ma'ana hasken da ake gani daren yau ya baro ta fiye da ƙarni biyu kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Auna irin wannan nisa ya gagari masana har 1838, lokacin da Bessel a Jamus ya yi nasara da dabarar safiyo, sai dai maimakon Faris da Kayen ya yi amfani da gefe biyu na da'irar Duniya, wata shida tsakani.

Don ganin gidan da Rana take ciki, dole a sake ma'auni gaba ɗaya, a mai da shekarar haske ɗaya milimita ɗaya. A haka Proxima yana milimita 4 daga Rana, Shi'ira milimita 9, Surayya kamu ɗaya. Duk filin nan mai faɗin kilomita 9 da aka share a tsakiyar Kano ya koma kashi ɗaya cikin dubu na milimita, sai da madubin likita. Farin zanen da ke ratsa sama kamar hanya a daren da babu wata, wanda mutanen karkara suka fi na birni saninsa, gefen wani katafaren gungun taurari ne mai siffar faifai, mai ɗauke da taurari sama da biliyan 100. Faɗinsa shekarar haske 100,000 ne, wato mita 100 a sabon ma'aunin, kusan tsawon filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata daga raga zuwa raga. Rana tana mita 26 daga tsakiyar filin, kuma kusan duk taurarin da ido ke iya rarrabewa ɗaya-ɗaya suna cikin 'yan mitoci kaɗan daga inda take.

Babban gungu mafi kusa da wannan shi ne Andromeda, a nisan shekarar haske miliyan 2.5, wato wani filin ƙwallon da ya fi wannan girma, kilomita biyu da rabi daga Ƙofar Mata. Ana iya ganin sa da ido a farkon dare bayan kaka, in an fita daga fitilun birni kuma hazo bai sauko ba, kamar ɗan tabon hayaƙi ta wajen arewa.